'Yar Mai Raba Wasiƙu

A Baldibiya ruwan sama ba ya sallama,
faɗowa yake kamar mai bin bashi.
Shekara ashirin da shida ina wanke mata kwalabe,
ni Baltasar, mai riƙon mabuɗin ɗakin gwaji.
Yau kuma ni ke ɗaure mata kwalaye.

Orfelina Marilaf.
Ubanta wasiƙu ya raba bisa keke,
daga bakin kogi har unguwar masu tsaga katako,
bai taɓa buɗe ko ɗaya ba.
Ita ce ta buɗe.

Ranar da na kama aiki ta ce da ni:
"DNA kundi ne, yana kulle a ƙurya, ba ya fita.
RNA ɗan aike ne.
Ya kwafi layi biyu, ya ruga, ya isar,
kafin a ce masa sannu an yayyaga shi.
Sa safar hannu.
Gumin yatsanka kaɗai ya isa ya halaka shi."
Tun daga nan nake ɗaukarsa bisa ƙanƙara,
ina tafiya kamar mai tallan ƙwai.

Tsutsotsi ta yi kiwo,
waɗanda ba su kai rabin gashin ido ba.
Takan toshe bakin ƙwayar gado guda,
ta ja kujera, ta kafa ido a madubi,
ta jira ta ga abin da zai gurgunce.
Wata ta daina juyi.
Wata ta ƙi yin ƙwai.
Dubu kuwa suka ci gaba da harkarsu
kamar ba a taɓa su ba,
ita kuma ta rubuta "babu", ta rubuta "babu",
har "babu" ta cika littafi goma sha ɗaya.

Manya a taron Santiyago suka ce:
yankin da kike tono juji ne, ba ya haifar da komai.
Ta dawo a motar dare, takalmi a jiƙe,
ta ce, "Baltasar, wane gida ne
zai yi ta gadon shara tun kaka da kakanni?"

Sai daren da ƙasa ta girgiza.
Wuta ta ɗauke kwana uku.
Janareta ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.
Muka buɗe firiza,
aikin shekara tara ya gangaro mana kan ƙafa,
ruwa ne kawai, ko wari babu.
Nayaret, ɗalibarta, ta durƙusa tana kuka.
Ita ko burodi ta gutsura, ta tauna a tsaye,
ta ce a miƙo mata sabon littafi.
Sai da na je shara da yamma
na ji ta a bayan ƙofa.
Ban ƙwanƙwasa ba.

Bayan damina huɗu
faranti na ɗari huɗu da sha biyu ya amsa:
wani guntun saƙo, ɗan mitsitsi,
daga tsakiyar jujin nan,
in babu shi tsutsa ba ta kwana cikin sanyi.
Ɗan hakin da aka raina.
Shafi shida aka buga.
Ba kalangu, ba lambar yabo,
sai wasiƙa daga wani baƙo a Sapporo
yana roƙon ta aiko masa da irin.

Yanzu hannunta na rawa,
ɗigo ba ya sauka inda ta nufa.
Ta bar madubin, ta bar littattafan.
Tsohuwar jakar fatar ubanta kawai ta rataya,
wadda take zuba abincin rana.

A bakin ƙofa ta juyo.
Na gyara tsayuwa, na zaci jawabi ne.
Ta ce, "Na shiryayye na biyu,
ranar Alhamis ake ba su abinci."
Ta buɗe lema, ta shiga ruwan.